Makullin Famfo

A watan da duwatsun Birni ke tururi,
ƙadangare ma ya ƙi hawa kansu,
ruwa ya ɗauke a Damagaram kwana goma sha ɗaya.
Jarka ta kai dala sittin.
Famfonmu na bayan majami'a kaɗai ke tari,
ya tofo kaɗan, ya yi shiru, ya sake tofowa.

Dattawan ikilisiya suka zauna gindin bedi,
takardar kuɗin ruwa na yawo hannu zuwa hannu
kamar garwashi.
Aka sayo kwaɗo a kasuwar Dole,
aka ce: Filibus, kai ne mai taurin ido, riƙe makulli.
Na rataye shi igiya ɗaya da gicciyena.
In ina tafiya sai su riƙa karo a ƙirjina,
ƙis, ƙis, kamar masu gardama.

Daren Laraba Cima ta zo daga Karakara.
Cuta ta cinye mata yatsu tun ina yaro,
a gwiwar hannu take rataya jarka.
Ba ta roƙe ni ba.
Ta ajiye ta bakin famfo, ta zauna tana kallon kwaɗon.
Na ce doka ce, ba ni na kafa ba.
Ta ce, "Na sani, ɗan nan. Hutawa nake."
Ta huta.
Ta tafi, jarkar na bugun ƙugunta, iska ce fal a ciki.

Washegari Alhamis ce ta wankin ƙafa.
Fasto ya ɗaura tawul, ya durƙusa,
ni na cika masa daro da hannuna.
Mutum goma sha biyu,
kowa ya goge ƙafarsa tun daga gida don kunya.
Muka zuba ruwa a kan tsabta,
muka rera, muka ce amin.
Da na fita zubar da daron
sai na ga sawunta a rairayi,
sawu marar yatsu, ya zo, ya tsaya, ya juya.

Ban ji murya daga sama ba.
Wuyana ne kawai ya yi nauyi.
Na ce, ya Almasihu, ashe jiya ka zo
na karanta maka doka.

Ladan na kiran asuba na buɗe kwaɗon.
Kafin rana ta fito layi ya kai bakin titi:
mata da goyo, ƴan kabu-kabu,
tsohon da ke ɗinkin takalmi a Zango.
Ban tambayi kowa inda yake sa goshi ba.
Muna nan tankar ruwa ta wuce mu
tana ɗiga a kwalta,
za ta gidan da ake shayar da furanni,
ake wa mota wanka safe da yamma.
Layi duk ya bi ta da ido.
Wata ta ce, "Ba ruwan ne ya ƙare ba,
hanyar gidanmu ya manta."

Barnaba ma'aji ya same ni da hantsi.
"Tausayi da kuɗin wa, Filibus?"
Tambayarsa gaskiya ce, ba ni da amsa.
Matarsa ma tana layi, ta sunkuyar da kai.

Da la'asar Mutari mai garuwa
ya zo da gwangwanin madara, carbi a wuyan hannu,
ya juye: dala-dala, biyar-biyar, har da maɓallin riga.
Ya ce unguwa ce ta tara.
Muka ƙirga sau biyu. Bai kai rabi ba.
Barnaba ya yi tsaki,
ya laluba aljihu, ya ƙara nasa, bai kalle ni ba.

Har yau da sauran bashi.
Kwaɗon kuwa, na so in bai wa Cima don ƙofarta.
Ta yi dariya har ruwa ya fantsalo daga jarka,
ta ɗaga dungulmin hannunta:
"Da me zan murɗa, ɗan nan?
Kuma me zan rufe?"